Shaidar Agogo a Ranar Neman Aiki

Wasu shekaru da suka wuce, wata makaranta mai zaman kanta a cikin Kano ta nemi in zauna cikin kwamitin mutum biyar da aka ɗora wa alhakin tantance malaman da za a ɗauka, kuma a cikin abubuwan da idona ya gani a wannan zama akwai guda ɗaya wanda har yau, duk sa'ad da aka tayar da zancen samari da rashin aikin yi, shi ne yake fara faɗo mini a rai. Mutum 14 aka kira, gurabe 2 ake da su, an kuwa sanya wa kowa ƙarfe 9 na safe. Da aka zo kan suna na uku, masinja ya leƙa baranda ya kira har sau uku ba a amsa ba, sai sakatare ya zare fayil ɗin daga inda yake ya tura shi ƙarƙashin sauran. Bai ce uffan ba, mu ma babu wanda ya ce. Goma saura kwata mai sunan ya iso. Ta taga na hango shi ya shigo ƙofar makarantar yana haɗawa da sassarfa, sanye da farar shadda wadda da ganin karin gugarta ka san daren jiya aka goge ta saboda wannan rana, amma jar ƙura ta riga ta cinye bakin wandon, ambulan ɗin takardunsa kuwa ya jiƙe da zufa daidai inda ya riƙe shi. Ya zauna a kan benci har gab da azahar. Da aka kira shi, tun kafin ya zauna ya rusuna ya ce, "Ranku ya daɗe, ku gafarce ni, wallahi motar da na hau ce..." Shugaban kwamiti ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ba komai, Malam, zauna." Duk Bahaushe ya san akwai "ba komai" ta yafiya, akwai kuma "ba komai" ta an riga an rufe magana, kuma daga yadda fuskar yaron ta sauya na gane ya san wacce ya samu. Takardunsa sun fi na galibin waɗanda suka riga shi, amsoshinsa ma babu laifi, amma bayan ya fita, da muka zo haɗa maki, shugaba ya ce mana, "Wanda ya makara ranar da yake neman aikin, ranar da ya samu wa zai tsaya wa yaranmu a darasin farko?" Ba a sake ɗaga fayil ɗin ba.

Abin da nake son mai karatu ya yi la'akari da shi a cikin wannan ƙissa shi ne cewa an yanke wa yaron nan hukunci a kan bakin mashaidi guda, wato agogon bango, kuma an karɓi shaidar ta hanyar da babu alƙalin da ya san aikinsa da zai karɓi ta ɗan Adam. Domin kuwa a ƙa'idar da kotunanmu suka gada daga mazhabar Malikiyya, ba a gina hukunci a kan maganar mashaidi sai an tabbatar da adalcinsa, kuma ko bayan an tabbatar, alƙali ba ya rufe shari'a sai ya yi wa wanda ake ƙara i'izari, ma'ana ya tambaye shi ko yana da sauran hujja, ko wata suka da zai kawo. Shaidar agogo ita kaɗai ake karɓa babu tazkiyya babu i'izari. Takan riga mai ita shiga ɗaki, ta gama magana kafin ya yi sallama, sa'an nan duk abin da zai faɗa daga baya, komai fasaharsa, a kanta ake ɗora shi a auna. Wajibi ne mai neman aiki ya san haka, wajibi ne kuma mai ɗaukar ma'aikata ya ji nauyin haka, kuma a ganina ɓangarorin nan biyu kowanne ya yi sakaci da nasa kason.

Ba zan ce shugaban kwamitin nan ya yi wauta ba, domin in an yi masa adalci, hujjarsa tana da tushe. A dubi halin da masu tantancewa suke ciki: an kawo musu baƙon da ba su taɓa gani ba, an ba su kwata ko rabin sa'a su gane ko mai amana ne, ko mai himma ne, ko zai jure wahalar aiki, alhali waɗannan halaye ne da ko maƙwabci sai ya shekara yana mu'amala da mutum kafin ya iya rantsuwa a kansu. Takardun makaranta sun zama kusan iri ɗaya a hannun kowa, takardar yabo kowa yana iya samun mai rubuta masa, baki kuwa ba ya faɗin aibin mai shi. A cikin dukkan abin da ke gabansu abu ɗaya ne rak wanda yake aiki ne a aikace, shi ne cewa an ƙulla alkawari guda tsakaninsu da wannan baƙo, aka ce ya zo wuri kaza a sa'a kaza, ya cika ko ya saɓa. To, wanda aka ba misali ɗaya tak, tilas a kansa zai yi ƙiyasi. Balle kuma akwai ayyukan da lokaci shi ne ruhinsu, kamar na ma'aikaciyar jinya da za ta karɓi 'yar'uwarta wadda ta kwana a kan marasa lafiya, ko na malamin da yara 50 ke jira a aji, ko na mai riƙe da mabuɗin ma'aji. Wanda ya ce makarar ranar farko ba ta nuna komai a irin waɗannan, bai taɓa kwana a tsaye gari ya waye yana zuba ido ga mai karɓarsa ba.

Akwai kuma ɓarna ta biyu da makara ke yi, wadda ba ta bukatar shugaba mai tsanani, domin ko kwamiti ya yafe da zuciya ɗaya ita sai ta yi aikinta. Wanda ya iso a makare yakan shiga ne numfashi sama-sama, rabin hankalinsa yana kan uzurin da zai bayar, rabi yana kan karanta fuskokin mutane ko sun yi fushi, har a tambaye shi abin da jiya-jiyan nan ya karantar da wasu ya tsaya yana lalube. Ga kuma komawa ƙarshen layi. Na lura a wannan zama, da wasu da na yi bayansa, cewa mutanen farko sukan sami kwamiti da sanyin safiya, a yi musu tambaya a saurari amsa har ƙarshenta, amma na ƙarshe yakan tarar an gaji, yunwa ta taso, ana dakon kiran salla, kowa kuma a ransa ya riga ya tsayar da gwaninsa, ta yadda bayan nuna cancantarsa sai ya ture wani da ya riga ya zauna a zukatan mutane biyar.

To, daga ina makarar nan take fitowa? Amsar da aka saba ji, musamman a bakin 'yan boko, ita ce wai mu mutane ne da ba mu san darajar lokaci ba, har aka ƙaga wa abin suna aka jingina shi ga Afirka baki ɗaya. Kuma wannan magana, duk da yawan maimaita ta, ban yarda da ita ba, saboda abin da nake gani kullum ya ƙaryata ta. Mutumin da ake cewa bai san lokaci ba, shi ne wanda a watan Ramadan yake zaune da dabino a hannu, kunnensa na wajen ladan, ba ya yarda ya riga faɗuwar rana da minti ɗaya. Shi ne wanda ya san in an ce ɗaurin aure ƙarfe 11 a masallaci kaza, in ya zo da kwata a kai sai dai ya tarar an shafa fatiha ana gaisawa. Shi ne wanda in an ce jana'iza bayan la'asar yakan bar rumfarsa a hannun maƙwabci ya ruga don kada ya tarar an kai. Tun yana yaro a zauren malam aka karantar da shi a cikin Ahalari cewa kowace salla tana da lokacinta na muhtari da na laruri, kuma jinkirta ta zuwa laruri ba tare da uzuri ba laifi ne. Da ya ƙara gaba ya koyi cewa wanda bai riski raka'a ɗaya tare da liman ranar Juma'a ba sai dai ya kawo azahar raka'a huɗu, wanda kuwa tsayuwar Arfa ta wuce shi, ko daga ina ya taso, ko nawa ya kashe, hajjin wannan shekara ta kuɓuce masa. Al'ummar da aka rena a kan wannan tarbiyya ba za a ce ba ta san wa'adi ba.

Haƙiƙanin al'amari shi ne lokaci iri biyu ne a wurinmu. Akwai wanda muka yi imani yana ɗaure mu, akwai kuma wanda muka ɗauka kintace ne kawai, irin na walima da kamu da taron siyasa, inda katin gayyata zai ce ƙarfe 4 alhali mai gayya da wanda aka gayyata duk sun san ba za a fara ba sai bayan magariba. Kakanninmu ma da faffaɗan lokaci suke ƙulla alkawarin duniya, su ce da hantsi, ko da walaha, ko da la'asar sakaliya, kowanne kuwa fili ne da mutum zai kai ya komo a cikinsa ba a ce ya saɓa ba. Lissafin minti-minti a sha'anin duniya baƙo ne da ya shigo tare da ƙararrawar makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nassarawa a 1909, da jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, da ofisoshin En'e. Kuma bisa abin da muka ji daga bakin iyayenmu da suka yi aiki a wancan zamani, sun karɓi baƙon nan sun sa shi a rukunin farko, rukunin abin da ba a wasa da shi. Daga baya ofisoshin da kansu suka sassauta, har yaro ya tashi yana ganin malamin jami'a ya sa darasi ƙarfe 8 ya zo 9, ya je karɓar takarda a ce masa oga bai fito ba tukuna, ya halarci taron da aka zauna jiran babban baƙo tun hantsi har azahar. Shekara 20 rayuwa tana koya masa cewa agogon ofis na rukuni na biyu ne, sa'an nan rana ɗaya, ranar da ya fi kowace rana bukatar kada ya yi kuskure, a ɗauko mizanin rukuni na farko a auna shi. Wannan ba ya wanke shi, amma ya kamata manyan da suka koya masa darasin nan da aikinsu su san suna da kaso a cikin alhakin.

Sai dai ba duk wanda ya makara ne ya raina wa'adi ba. Da yawa sun girmama shi, sun kwana da shi a rai, kuskuren fahimtarsa ne ya kayar da su, kuma wannan babi ne da ba a cika magana a kansa ba alhali ya fi kowanne saurin magani. Harshenmu kansa yana da wuraren santsi. In sakatare ya buga waya ranar Lahadi ya ce "Talata mai zuwa", wani jibi zai ji, wani kuwa ta sama. In an ce "rana ita yau" kowa ya san mako guda ake nufi, amma gata da citta samari da yawa yanzu ba sa rarrabe su. Daren Juma'a kuma a wurin malami shi ne wanda ake shiga bayan magaribar Alhamis, a wurin ɗan boko kuwa wanda ke biyo wunin Juma'a, ta yadda wanda aka ce wa ya kama motar daren Juma'a yana iya saɓawa da kwana guda cur. Rubutu ma bai tsira ba. Mu da Ingila da Faransa da rana muke farawa sa'an nan wata, mutanen Amurka kuwa da wata suke farawa, saboda haka 04/05 a wasiƙar wata ƙungiya ta Amurka 5 ga Afrilu take nufi, kuma wanda ya karanta ta 4 ga Mayu zai shirya tsaf ya zo bayan an yi kusan wata guda da rufe magana.

Yanzu kuma da ganawa ta koma ta intanet, inda mutum zai zauna a ɗakinsa a Zariya ko Maraɗi ya fuskanci kwamitin da ke wata nahiya, wani sabon rami ya buɗe. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi agogonsu ɗaya ne, amma Gana tana bayanmu da sa'a guda, Sudan tana gabanmu da sa'a guda, Saudiyya da 2, Dubai da 3, don haka wanda wani asibiti a Riyad ya sa wa ƙarfe 10 na safe, a Kano ƙarfe 8 ake jiransa. Wannan ma mai sauƙi ne tun da ba ya canzawa. Mai wuyar shi ne na ƙasashen da ke juya agogonsu sau biyu a shekara. Ɗan ƙanwata, yaro mai tsanaki wanda ban san shi da makara ko a sallar asuba ba, ya nemi aiki a wata ƙungiya da ke Landan, aka sa masa ganawar farko a tsakiyar Maris, ƙarfe 10 agogonsu, ya lissafa daidai ya zauna ƙarfe 11 namu, ya kuwa tsallake. Aka sa masa ta biyu a farkon Afrilu, ƙarfe 10 kuma. Ya cika wayarsa da kwamfutarsa da caji, ya sayi data a layi biyu, ya ari ɗakin abokinsa saboda can babu hayaniyar yara, ya zauna tun 11 saura kwata yana jira, bai san cewa a Lahadin ƙarshe ta Maris Ingila takan tura agogonta gaba da sa'a ɗaya, ya zo daidai da namu har zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba ba. Da ya gaji da jira ya buɗe imel, ya tarar da saƙon da aka aiko tun 10 da kwata ana cewa an jira shi ba a gan shi ba. Da yamma ya zo gidana, ya zauna a bakin tabarma ya daɗe bai ce komai ba, can ya ɗago ya ce, "Kawu, wallahi ban makara ba, ina zaune ina jiransu." Na ce masa na sani. Amma su can abin da suka gani shi ne wa'adi ya yi babu mai wa'adi, kuma ba su sake sa masa wata rana ba. Maganin wannan duka kuwa layi ɗaya ne da mai neman aiki zai mayar, ya rubuta sunan ranar, da sunan watan cikin kalmomi, da sa'ar bisa agogon garinsa, ya ce ga yadda na fahimta, a tabbatar mini. Samari suna jin nauyin yin haka, suna ganin kamar zai nuna ba su waye ba, alhali ni ban taɓa ganin sakataren da ya raina mai tabbatar da wa'adi ba.

Sai babin hanya, wanda a cikinsa ne talauci ke shigowa ya miƙe ƙafa. Motar haya a tashoshinmu da cikar kujeru take tashi, wanda ya je da asuba yana iya zama har hantsi ana jiran fasinja biyu. Hanyar Kano zuwa Kaduna zuwa Abuja, wadda aka shiga sake ginawa tun 2018, ta daɗe tana cinye sa'o'in matafiya a wuraren da aka mai da motoci hannu ɗaya. Jirgin ƙasa na Kaduna zuwa Abuja, da aka buɗe a 2016, yana da jadawali, amma daga Rigasa yake tashi ya sauke mutum a Kubwa ko Idu, da sauran tafiya a gabansa. Wanda kuwa ya kwana a Mararaba ko Nyanya yana da wa'adin safe a tsakiyar Abuja, ya san cewa cunkoson hanyar nan kaɗai yana iya cinye abin da ya ware wa tafiyar duka. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, har wanda a da zai zo jajibiri ya kwana, yanzu sai ya tsaya yana lissafin ko abin da ya ranto zai kai shi ya dawo da shi. Mai motar kansa da kuɗin masauki in ya makara galibi shi ya so. Ɗan talaka kuwa sau da yawa abin da agogo ke shaidawa a kansa halin aljihunsa ne, kwamiti ya rubuta shi a matsayin halin zuciyarsa. Wannan shi ne babban raunin mashaidin nan, kuma saboda shi ne na ce bai cancanci a karɓe shi babu bincike ba.

Amma tun da an san ana karɓarsa haka, hankali ya hukunta wa mai rauni ya fi kowa ihtiyaɗi. Fataken da, in ayari ya doshi birni, a zango suke sauka su kwana kusa da ganuwa, domin su shiga da buɗe ƙofa su riski kasuwa tun tana ci, kuma magabata sun bar mana cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Zumuncinmu, duk da abin da zamani ya yi masa, har yanzu bai mutu ba ta yadda za a rasa ɗan'uwa, ko ɗan gari, ko abokin karatu da zai ba mutum tabarmar kwana ɗaya a Abuja ko Legas ko Yamai. Wanda ya kwana a garin, ya je da yamma ya ga ginin da idonsa, ya san ta wace ƙofa ake shiga, ya san ko maigadi zai tsayar da shi rubuta suna da nuna katin shaida, ya riga ya ɗauke rabin nauyin gobe. Domin ƙarfe 9 a wurin kwamiti tana nufin a tarar da mutum zaune a kan benci numfashinsa ya daidaita, wanda kuwa ta riske shi a bakin ƙofa yana rubutu a littafin maigadi, a lissafinsu ya makara.

Na sha jin samari, bayan abin ya wuce, suna cewa dama ba rabonsu ba ne, in rabonsu ne ko bayan la'asar suka je za a ɗauke su. Imani da ƙaddara rukuni ne, kuma ba ni ne zan ƙwace wa mai baƙin ciki abin da yake sanyaya zuciyarsa da shi ba. Sai dai malamai sun daɗe da rarrabe mana cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma ana kafa hujja da ƙaddara ne a kan musibar da ta auku bayan mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Wanda ya yi sammako tayar mota ta fashe masa a daji, da wanda ya kwana hira a majalisa ya tashi rana ta take, duka biyun suna cewa ba rabo, amma ɗaya ne kawai a cikinsu yake da haƙƙin faɗa.

Abin da ya fi makarar kanta muni, a abin da na gani, shi ne yadda ake tafiyar da ita. Wani yakan yi shiru, kunya ta hana shi kira, ya zo ya tsaya yana sosa ƙeya; wani kuwa in an kira shi sai ya ce "ina hanya, ga ni nan na kusa" alhali ko takalmi bai sa ba, ya manta cewa wanda ya ce ya kusa, aka jira shi sa'a guda, ya ƙara wa saɓa alkawari ƙarya, waɗanda duka biyun malamai sun lissafa su cikin alamomin munafunci. Fiƙihu ya buɗe wa mai uzuri lokacin laruri. Ganawar aiki ita ma tana da nata larurin, amma ba a ba da shi sai ga wanda ya nema tun muhtari bai fita ba. A wani zama na daban, wata baiwar Allah da ta taso daga Zariya ta bugo wa sakatare waya tun 8 da minti goma, ta ce, "Malam, don Allah a yi haƙuri, motarmu ta lalace a Kwanar Dangora, muna neman wata, ban yi zaton zan iso kafin 11 ba, in akwai hali a mai da ni ƙarshe." Sakatare ya ɗauki fensir ya rubuta sa'ar da ta kira a bangon fayil ɗinta. Da ta shigo, babu wanda ya ɗauke ta a matsayin wadda ta makara. Wasunmu ma sun ga cewa ga mutumin da in matsala ta taso a wurin aiki za ta faɗa tun da wuri, ta faɗi gaskiya, ta kawo mafita. Kalmomin da ta faɗa kusan su ne yaron nan mai farar shadda ya so ya faɗa, bambancin kawai nata sun riga ƙarfe 9 isowa. Haka nan wanda wa'adi biyu suka haɗe masa a rana ɗaya, ko aka yi masa rasuwa, ya nemi a ɗaga masa a ranar da ya sani, kada ya bari sai da safen.

Yanzu kuma bari in juyo kan masu ɗaukar aiki, da ni a cikinsu, domin laifi tudu ne, kowa yakan taka nasa ya hango na wani. Wane irin adalci ne a aika wa mutumin da ke Gusau saƙon waya bayan isha a ce gobe ƙarfe 8 ana nemansa a Abuja? Wane irin adalci ne a tara mutane tun safe, shugaba ya fito da azahar, ko a ɗage zaman a manna takarda a jikin bango, alhali a cikin masu karanta ta akwai wanda ya sayar da akuyar mahaifiyarsa ya yi kuɗin mota, kuma ba shi da na zuwa karo na biyu? Ƙasar nan ta ga iyakar inda rashin tsara wa'adi ke kaiwa a ranar 15 ga Maris, 2014, lokacin da aka kira dubban ɗaruruwan masu neman aikin hukumar shige da fice zuwa filayen wasa a rana ɗaya, saboda guraben da ba su kai 5,000 ba, bayan an karɓi naira 1,000 daga kowannensu, aka yi turmutsutsu a ƙofofi, mutum fiye da 10 suka rasa rayukansu. Waɗannan bayin Allah sammako suka yi. Ga kuma abin da kowa ya sani ko ba a faɗa ba, cewa dokar makara a wurare da yawa a kan marar gata kaɗai take aiki, wanda ya zo da takardar wani babba kuwa ko yaushe ya iso ana buɗe masa ƙofa, kuma duk inda samari suka ga haka, da wuya a sake gamsar da su cewa agogo ne ke raba aiki.

Abin da ake bukata daga kwamiti ba mai yawa ba ne: ya ba da sanarwa da tazarar da za ta ishi na nesa, ya sa wa kowa sa'arsa daban maimakon a tara jama'a a kan sa'a ɗaya, ya rubuta lambar da za a kira in hanya ta yi gardama, ya riƙe wa'adin da ya ɗora wa wasu, sa'an nan in mutum ya makara a yi masa i'izarinsa, tambaya ɗaya, a saurari amsar har ƙarshe, tukuna a yanke abin da za a yanke. Na faɗi haka ne ina tuna cewa mu da muka hukunta yaron nan a kan minti 45, mu ne muka sa wa mutum 14 ƙarfe 9 alhali mun san ba za mu ga na ƙarshensu ba sai gab da azahar, mu kanmu kuma ba mu fara zaman ba sai 9 da minti 20, domin ɗaya daga cikinmu bai iso da wuri ba. Makararsa ba ta tsayar da aikinmu ko da minti ɗaya ba. Ina zaune a wurin, na ji nauyin shugaba na yi shiru, kuma har yau ban san abin da ya sami motar da ya hau ba, domin ba mu bar shi ya ƙarasa ba.